Jinjina ga Masu Korar Cutar Kwamfuta

A Aderbissinat, kan hanyar Agadez zuwa Damagaram, takardu sun fi yawo a cikin kile, wato 'yar na'urar ajiya da ake sokawa a kwamfuta, daga shagon buga takardu zuwa kwamfutar malamin makaranta. Ta nan cutar ke bi. Mutum ya soka kilensa, sai ya tarar fayilolinsa sun koma alamomi masu 'yar kibiya a gefe, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka aikin shekara ya salwanta.

Ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi, kuma mai gyaran kirki ya san haka. Shi ya sa ba ya gaggawar goge komai, ko da yake gogewar ta fi sauƙi. Sai ya tayar da Windows a yanayin da abubuwan tilas ne kawai ke aiki, ya tsayar da wscript, shirin da cutar ke aiki ta cikinsa, ya bi jerin abubuwan da ke tashi da na'urar ya tumɓuke tushen cutar, sannan ya rubuta umarnin attrib, fayiloli su bayyana. In bai kashe tushen ba, gobe cutar ta dawo kamar ƙaiƙayi.

Aikin ba sauƙi, domin tsofaffin na'urori masu Windows 7 ne ke zuwa hannun masu gyara, wadda Microsoft ta daina bai wa kariya tun Janairun 2020, ga intanet mai jan ƙafa wajen sabunta riga-kafi. Sannu da aiki, masu gyara! Ku dai ci gaba da cewa a kawo duk kilen gidan a duba, har na yara.