Jinyar Kifin da Ya Faɗo Daga Tankin Gilashi

Kifin ado da ake kira beta ɗan ƙaramin abu ne, tsawonsa bai fi santimita 6 zuwa 7 ba, amma Allah ya ba shi jela da ƙege masu yalwa, wani ja, wani shuɗi, wani gauraye. Ƙege su ne fikafikan nan da kifi yake iyo da su. Asalin beta ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda danginsa suke zaune a fadamun shinkafa da kududdufai marasa zurfi. A can tsalle hanyar cin abinci ce, domin yakan zabura ya cafke ƙwaron da ya sauka kusa da ruwa. Da aka kawo shi falo aka sa shi a tankin gilashi bai bar halinsa ba. Shi ya sa masu kiwonsa da dama sun taɓa wayar gari suka tarar da shi kwance a ƙasa, jikinsa ya kwashi ƙura da gashin darduma, ba ya motsi. Abin da gwanin kiwo yake yi daga wannan lokacin zuwa makonni biyu ko uku aiki ne da ya cancanci a tsaya a duba shi a tsanake.

Mai gaggawa da busasshen hannu ko tsumma yake ɗauke shi, ya wurga shi cikin tanki ya koma harkarsa. Gwani kuwa hannunsa yake fara tsomawa cikin ruwan tankin har ya jiƙe sosai, sannan ya sunkuya. Dalilinsa shi ne yauƙin da ke lulluɓe da jikin kifi. Wannan santsin da muke wankewa da toka ko lemun tsami idan za mu dafa kifi, shi ne garkuwar mai rai. Yana hana ƙwayoyin cuta da funfuna samun wurin kamawa, yana kuma taimakawa wajen tsare gishirin jikinsa. Busasshen hannu yana kwashe shi, tsumma ya fi hannu ɓarna. Idan kifin ya manne da ƙasa, gwani ba ya ɓamɓaro shi. Zai ɗebo ruwan tankin a kofi ya zuba masa a hankali, ya jira har jikin ya saki da kansa, sannan ya zura jiƙaƙƙen tafinsa ko ɗan lallausan roba ta ƙarƙashinsa.

Kuma ba ya saurin yanke hukuncin mutuwa, domin ya san yadda halittar take. Kifi yana numfashi da jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, wato mashaƙa. Siraran zarurruka ne jere, a cikin ruwa suna buɗe, kowanne yana tsotsar iskar oksijin. Da zarar an fito da su sarari sai su manne da juna kamar shafukan littafin da ruwan sama ya doka, numfashi ya gagara. Beta yana da wata gaɓa ta daban a saman mashaƙar, mai ninki-ninki, wadda take ba shi damar haɗiyar iska kai tsaye daga sama. Mu da muka san tarwada, wadda takan daɗe da rai a kwandon mai kifi, da gaiwa da take kwana cikin busasshen laka har damina ta dawo, wannan ba zai ba mu mamaki ba. Muddin jikinsa da sauran danshi, beta yana iya jure abin da zai kashe wasu kifayen ado cikin mintuna kaɗan. A lokacin hunturu dai damar takan gajarce, domin iska tana busar da shi da wuri.

Wurin farfaɗowa ƙaramin kwano ne mai tsabta wanda sabulu bai taɓa ba, da ruwan tankinsa na asali, saboda zafinsa da sinadaransa su ne waɗanda jikinsa ya saba da su. A nan ne hannun gwani yake burge ni. Zai dunƙule tafinsa ƙarƙashin ruwa ya tallafi kifin a miƙe, ciki ƙasa, baya sama, ba matsi ba saki. Kusa da shi ya ajiye dutsen iska, wani ɗan dutse mai ƙofofi da ake haɗawa da famfon iska ta siririn tiyo, yana fitar da ƙananan kumfa. Sai ya zuba wa murfin kumatun ido. Wasu sukan riƙa jan kifin gaba da baya da ƙarfi wai don su tura masa ruwa. Gwani ba ya yin haka, domin ruwa ta baki yake shiga ya fita ta mashaƙa, ja da baya kuma yana iya lahanta zarurrukan da dama sun wahala. Yakan fuskantar da bakin kifin wajen da ruwa ke ɗan motsi, ya jira. Murfin ya ɗaga sau ɗaya, ya yi shiru, ya sake ɗagawa. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci rabin sa'a. Ƙurar da gashin da suka manne a jiki ba a tsince su da farce, ruwa ne zai jiƙa su su zame.

Idan kifin ya fara riƙe kansa, sai a mayar da shi ɗakin jinya. Tanki ne ƙarami, lita 10 zuwa 20, babu tsakuwa a ƙasansa don a riƙa ganin kowane datti, babu kayan ado masu kaifi, babu wani kifi da zai ciji raunin. Ana rage zurfin ruwan zuwa kamar santimita 10 ko 15, domin beta dole ne ya hau sama ya sha iska, mara lafiya kuma ba shi da ƙarfin doguwar tafiya. A sa masa guntun bututun roba mai santsi ko ƙaramin tulu da zai shige ya ɓuya. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 25 da 27 a ma'aunin Salshiyas, kuma tsayawarsa wuri guda ta fi komai muhimmanci. Wani zai ga kamar ƙara zafi gata ne. Gwani ya san ruwan ɗumi ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 20 lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa abin bai kai 8 ba, ga shi wasu ƙwayoyin cutar fata sun fi haɓaka a cikin zafi. Inda wutar lantarki take yawan ɗaukewa, yakan tanadi famfon iska mai batir, da dare kuma ya lulluɓe tankin da bargo.

Sai batun gishiri, wanda a ganina nan ne ilimin ya fi zurfi. Jinin kifin ruwan daɗi yana ɗauke da gishiri kusan giram 9 a kowace lita, ruwan da yake ciki kuwa kusan babu. Saboda wannan bambanci, dare da rana ruwa yana kutsawa cikin jikinsa, gishiri yana tsiyayewa waje. Ƙodarsa tana ta fitar da fitsari tsararo, mashaƙarsa tana ta jawo gishiri daga ruwa. Aiki ne da yake cin ƙarfi ko da kifin lafiyarsa ƙalau. To idan yauƙi ya goge, ɓawo ya ɓare, fata ta buɗe, sai ƙofar ta ƙara faɗi. Ɗan gishiri a cikin ruwan yana rage tazarar, kifin ya samu sauƙin da zai juya ƙarfinsa ga warkewa. Gwani yakan fara da giram 1 a kowace lita, wato kamar ƙaramin cokalin shayi biyu shafe a lita 10, na gishiri tsantsa marar gauraye. A kofi yake narkar da shi tukuna, ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Yana kuma riƙe da wani lissafi a kai: gishiri ba ya bin tururi. Idan ruwa ya ragu don zafi, ruwa zalla ake ƙarawa. Idan an kwashe lita uku aka zubar, gishirin lita uku kawai ake mayarwa. Bayan mako guda zuwa kwana goma sai a janye shi a hankali. Kifaye marasa ɓawo, irin dangin tarwada, ba su jure shi kamar sauran, haka ma tsirran ruwa.

Fitila a kashe take, a rufa wa gefen tankin zane, a hana yara ƙwanƙwasa gilashi. Tsoro yana sa jikin kifi ya saki wani sinadari da ake kira kotisol, wanda idan ya daɗe yana raunana garkuwar jiki. Abinci ma a dakata da shi kwana ɗaya ko biyu. Wannan yakan yi wa mai tausayi wuya, amma kifin da ke cikin firgici ba ya ci, abincin da ya bari kuma ruɓewa yake yi ya zama amoniya. Amoniya guba ce da kifi da kansa yake fitarwa ta mashaƙa. A tsohon tanki akwai bakteriya masu amfani da suke zaune cikin matatar ruwa, suna juya ta zuwa nitirait, sannan zuwa nitiret mai sauƙin illa. Sabon tankin jinya ba shi da su, sai idan an ɗauko soson tacewa daga tsohon an sa masa, wanda gwani yakan ajiye guda a shirye tun kafin ranar buƙata.

Daga nan aikin ya koma na kullum, kuma a nan ne malalaci yake zamewa. Shi kwalbar magani yake so, ya tsiyaya sau ɗaya ya huta. Gwani kowace safiya yana ɗiban ruwan a 'yar kwalbar gwaji, ya ɗiga sinadarin awo, ya kwatanta launin da katin da ke tare da shi. Amoniya da nitirait sifili yake nema. Da siririn tiyo yake zuƙe dattin ƙasa, ya canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, sabon kuma sai ya daidaita zafinsa da na tsohon. Idan na famfo ne ya sa masa maganin kashe kilorin, idan na rijiyar burtsatse ne ya bar shi ya sha iska tukuna. Masu kiwon beta a Tailan sukan jefa busasshen ganyen itacen almond na Indiya a ciki, ruwan ya yi launin shayi saboda sinadarin tanin da ganyen yake saki, kifin kuma ya fi samun natsuwa a cikinsa.

Yana kuma karanta kifin. Ƙege a tsuke jikin gangar jiki alamar har yanzu da wahala. Kwanciya a karkace na iya nufin faɗuwar ta taɓa jakar iskar da ke cikinsa, wadda take daidaita shi a ruwa, kuma sau da yawa takan gyaru da hutu. Idon da ya yi hazo saboda bushewa yakan washe cikin kwanaki idan ruwa na da tsabta. Gefen jelar da ya bushe zai iya zubewa, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne farin gashi-gashi da ke tsirowa a kan rauni, wato funfunar ruwa, ko jan da ke yaɗuwa, ko jela da take ci gaba da cinyewa kullum. Sai a lokacin gwani yake ɗauko magani, misali shuɗin nan da ake kira metilin bulu, bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar, kuma a tankin jinya kawai, tunda yana kashe bakteriyar matata. Idan abin ya ƙi, likitan dabbobi ne ya kamata ya duba.

A kwana na biyu ko na uku zai jefa ƙwayar abinci ɗaya tak ya tsaya ya gani. In kifin ya taso ya cafke, an fara ganin haske. In bai kula ba, a cire ta. Bayan mako guda ko biyu, wanda ya duba da kyau zai ga wani siririn layi garau, marar launi, a bakin jelar da ta yage. Sabuwar fatar jela ce take fitowa. Launi yakan biyo baya, ɓawon da ya ɓare ma yakan sake tsirowa, ko da yake jelar ba kullum take komawa daidai yadda take ba.

Kafin ya mayar da shi gida, gwani yana binciken abin da ya kore shi. Ya auna ruwan babban tankin, ya lura ko wani kifi yana farautarsa, ya tuna ko an kunna fitila kwatsam cikin duhu ya firgita. Sannan ya rage ruwan ya bar tazarar santimita 4 ko 5 daga baki, ya ɗora murfi mai barin iska ta shiga, ya toshe ramin da wayoyi da tiyo suke bi da guntun soso. Duk mai irin wannan kifi a gida ya je ya duba murfin tankinsa yau, domin ramin da ɗan yatsa zai shiga, beta ma zai iya fita ta nan.