Roba da gwangwani a hannun maƙerin zinariya

A shekarar 1980 Otto Künzli, maƙerin kayan ado ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi awarwaro da baƙar roba, ya cusa ɗan dunƙulen zinariya a ciki ya rufe. Mai sanye da shi ba ya ganin zinariyar, sai ɗan kumburi a jikin robar. Künzli ya raɗa masa suna "Zinariya tana makantarwa". Mu da muka saba a ɗora sarƙa kan sikeli a faɗa mana giram nawa ce kafin ma a dubi ƙirarta, mun san inda maganar ta dosa. Ranar da mace za ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, kuɗin aiki ne ke fara zubewa, gumin maƙerin ya tashi a banza.

Tawayen da maƙera suka yi wa zinariya ya girmi awarwaron Künzli. Tun wajen 1967 Gijs Bakker da Emmy van Leersum suke yin manyan abin wuya da alminiyam a Holan. Daga nan ƙofa ta buɗe: takarda, katako, leda, ƙashi, gwangwani, duk suka shiga teburin maƙeri. Kowace shekara ana taruwa a Munich ta Jamus don baje kolin Schmuck, wanda aka fara a 1959, a ga irin waɗannan ayyuka. Ina goyon bayan wannan sauyi da zuciya ɗaya, domin ya dawo da daraja ga hannu da tunani.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu tasowa suka ɗauki rabin darasin suka bar rabi. Sun ga roba a hannun manya, sai suka zaci koyon ƙira ya zama tsohon yayi. A samo tarkace, a manna da gam, a rubuta dogon bayani a jikin bango, shi ke nan an zama gwani. Ban yarda ba.

A dubi David Bielander, wanda ya koyi ƙirar zinariya a Basel kafin ya shiga ajin Künzli a Munich. Yana da wasu awarwaraye da kowa zai rantse guntun kwali ne aka lanƙwasa aka danne da ƙusar ɗinke takarda. Sai ka ɗauka ka ji nauyi da sanyi a tafin hannu: azurfa ce, wasu ma zinariya. Layin nan mai tudu da kwari da ke tsakiyar kwali, da yadda gefensa ke murƙushewa in an matsa, duk da ƙarfe ya fitar da su. Wanda bai ƙware wajen haɗa fallen azurfa da wuta ba, ba zai ko fara ba, don zafi ya ɗan wuce kima fallen ya narke ya koma ƙwallo.

Haka Karl Fritsch, da ya fara a makarantar maƙera ta Pforzheim. Zobbansa kamar yaro ne ya murɗa su: yana mulmula kaki da yatsu, ya bar shatin yatsun a jiki, ya lulluɓe da ƙasar zubi, ya narkar da kakin ya fita, ya zuba ƙarfe a gurbinsa. Hanyar da maƙeran Agadez ke bi ke nan wajen zubin azurfa. Fritsch yakan huda dutse mai tsada ya soke shi da ƙusa, ya jera shi da gilashi na banza. Mutum ya ce ɓarna ce, amma zoben yana zama daram a yatsa, dutsen ba ya faɗuwa. Ya san doka sarai kafin ya taka ta.

A Jamus almajirin maƙerin zinariya yakan yi shekara uku da rabi yana koyo. Farkonsa yanka da goga ne kawai: zarto mai siririn baki da ke karyewa da zarar hannu ya karkace, da magagari, har sai gefe biyu sun haɗu haske bai ratsa tsakaninsu ba. Abin da wannan horo ke sa wa mutum shi ne sanin jiki. Ya san inda abin wuya zai cizi fata, da nauyin da kunne zai iya ɗauka daga safe zuwa dare, da irin maƙallin da ba zai yaga riga ba. Kayan ado a jikin mutum yake rayuwa, yana shan gumi da turare da gogayya, kuma leda da katako ma suna da halinsu da sai an daɗe da su ake ganewa.

Kirana ga makarantun fasaha da masu koyarwa shi ne kada su rage lokacin zama a teburin aiki don a ƙara na rubuta bayani. Su bar ɗalibi ya zaɓi roba ko gwangwani in ya so, amma sai bayan ya iya yin zoben azurfa da ba a ganin mahaɗinsa.