Inda Ake Koya wa Ido Faɗin Gaskiya

Wanda ya leƙa ɗakunan koyon zane na Florence Academy of Art da hantsi zai ɗauka horo ake yi wa ɗaliban, don kusan kowa a tsaye yake. Gaban kowane ɗalibi akwai takarda a kafe jikin katako, daf da ita kuma an ajiye kan mutum ko tafin ƙafa na filasta, fari fat, haske na dukansa ta gefe ɗaya kawai. Amma ba a gindin takardar yake tsayawa ba. Yana can baya, taku uku ko huɗu, inda ya manna ɗan salatef a ƙasa don kada wurin ya ɓace masa. Daga nan zai miƙe hannu da zare, ya rufe ido ɗaya, ya daidaita zaren da kan hancin filastar, ya bi shi da kallo har kan takarda, ya riƙe wurin a ransa. Sai ya tako ya ɗiga alama guda da gawayin da ya feƙe da sanfefa har ya yi tsini kamar allura, ya koma baya ya duba. In ta kauce, ko da faɗin ƙwayar gero ne, ya dawo ya goge. Haka zai yi ta zarya, kuma zane ɗaya na iya cinye makonni.

Dabarar, wadda za mu iya kira awon ido, tana da sauƙin faɗi. Daga kan wancan salatef ɗin, abin da ake zanawa da zanensa girmansu ɗaya a ido, suna kafaɗa da kafaɗa, don haka kuskure ba shi da maɓoya. Wahalar ita ce ƙwaƙwalwa ta iya ƙarya. Ka ba wanda bai koya ba fensir ka ce ya zana fuska, zai ɗora idanu can sama kusa da gashi, alhali a tsakiyar kai suke. Zai bar farin ido fari tas, alhali a inuwar gira yake, ya fi kama da toka. Abin da ya sani yake zanawa, abin da ke gabansa kuwa bai ko kalla ba. Shi ya sa ɗalibi ke yawo da ɗan madubi a aljihu. Idan ido ya saba da kuskurensa har ya daina ganinsa, sai ya juya baya ya leƙa zanen ta madubi, nan take karkataccen baki ya fito fili. Sau da yawa kuma za ka ga yana ƙanƙance ido kamar mai kallon rana, don ƙananan abubuwa su narke, a bar shi da manyan curin haske da inuwa, waɗanda su ne ginshiƙin kamanni.

Wani Ba'amurke mai zane, Daniel Graves, shi ya kafa makarantar a birnin Florence na Italiya a 1991. Manufarsa ita ce a koma koyar da zane kai tsaye daga abin da ido ke gani, ba daga hoton kyamara ba, bisa tsarin da ake bi a ɗakunan manyan masu zane na Paris a ƙarni na 19. Mai karatu zai iya tambaya, a Turai kuma har sai an farfaɗo da wannan? Ai kuwa. Tun da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a 1839 aka fara tambayar amfanin mai zanen da ke kwafar kamanni. Sababbin salo suka yi ta zuwa, kowanne yana ƙara nisa da kamanni, har bayan Yaƙin Duniya na Biyu makarantun fasaha da yawa a Turai da Amurka suka tura mutum-mutumin filastarsu ɗakin shirgi, wasu ma aka farfasa su. Ɗalibi na iya gama digiri bai taɓa zana hannun mutum daidai ba.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda ilimin ya tsira, don kuwa salsala ce, irin wadda almajiri ke lissafawa idan aka tambaye shi wa ya ba shi karatu. Jean-Léon Gérôme, wanda ya rasu a 1904, ya koyar da ɗalibai masu yawa a Paris. Cikinsu akwai William Paxton, wanda ya koma Boston da abin da ya samo. Paxton ya koyar da R. H. Ives Gammell, mutumin da ya ga sana'ar tana dusashewa a gabansa har ya rubuta littafi a kan haka a 1946, ya kuma riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan ƙalilan a lokacin da duniyar fasaha ke yi wa irin aikinsa kallon tsohon yayi. Ɗaya daga cikinsu, Richard Lack, ya buɗe tasa makarantar a Minneapolis a 1969, Graves kuma ya yi karatu a hannunsa. Akwai wata igiyar ta biyu a Florence kanta: Nerina Simi, tsohuwar da ta yi ta koyar da zane har ta manyanta ƙwarai, ta rasu a 1987. Mahaifinta, Filadelfo Simi, shi ma ɗalibin Gérôme ne. Graves ya zauna a gabanta. Kafin ya tsaya da ƙafarsa ya yi shekaru yana gudanar da ɗakin koyarwa tare da Charles Cecil, wani ɗalibin Gammell, daga baya kowa ya buɗe nasa. Da mutum biyu ko uku cikin waɗannan sun gaji sun bi yayi, da wuya a ce zancen nan ya kawo yau.

Karatun shekara uku ne, kuma ba a tsallake mataki. Da fari ɗalibi na kwafar zanukan Charles Bargue, darussa 197 da aka buga a Paris tsakanin 1866 da 1871 tare da haɗin gwiwar Gérôme. Waɗannan ne Van Gogh ya zauna ya kwafa lokacin da yake koya wa kansa zane, abin da masu ganin haziƙi ba ya bukatar horo ba su cika tunawa ba. Daga nan sai filasta da gawayi, sai gawayi da farin alli a kan takarda mai ruwan toka. Idan aka ba shi buroshi ma, da fari da baƙi zai fara, don ya ƙware a nauyin haske kafin launi ya ruɗe shi. Rabin yini kuma yana gaban mutum mai rai, wanda ke dawowa ya maimaita tsayuwa iri ɗaya kullum har makonni, ga darasin ƙashi da tsoka a gefe. Launin da ake fara ba shi bai taka kara ya karya ba: fari, baƙi, rawayar ƙasa da ja. Da waɗannan huɗun ake fitar da fatar mutum da jini a cikinta. Ka gauraya baƙi da fari ka ɗora kusa da ja, sai ido ya rantse shuɗi ya gani.

Ana sukar makarantar, kuma ba duka sukar ce ta hassada ba. Ka jera ayyukan ɗalibai goma, sau da yawa sai ka ga kamar hannu ɗaya ne ya yi su: bayan duhu, haske daga gefe, fuska mai nazari. Wasu kuma na cewa wanda ya dogara da awon ido yakan rikice idan abin zanawa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, kamar doki ko yaro. Ni dai ina ganin mai koyon ɗinki ba a zarginsa don rigarsa ta farko ta yi kama da ta ubangidansa. Abin dubawa shi ne me ya ɗinka bayan an yaye shi, kuma a nan wasu sun tsaya inda aka bar su, wasu sun yi gaba. Makarantar dai ta haifi reshe a kusa da Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 2007, tsofaffin ɗalibanta kuma sun buɗe nasu ɗakunan a ƙasashe da dama.

Idan malami ya zo duba aiki, ba takardar yake nufa ba. Kan salatef ɗin ɗalibin yake zuwa ya tsaya, ya ɗan rusuna ko ya miƙe don idonsa ya zo daidai inda na ɗalibin yake, ya kalli filasta, ya kalli zane, ya ce inuwar ƙarƙashin leɓe ta yi faɗi. Tsayin ido yana da muhimmanci har haka, shi ya sa ake gargaɗin mai wannan aiki kada ya canja takalmi har sai ya gama zanen, don dunduniyar da ta ɗaga shi da faɗin yatsa ɗaya ta isa ta rushe masa awon sati guda.