Waƙa da Tarihi: Yadda Ake Tuna Shago da Kantu a Ɓangarori Biyu na Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Wanda ya tashi daga Katsina ya nufi Maraɗi, sai ya bi ta Jibiya, ya tsaya a Magama inda ma'aikatan kan iyaka suke, sa'an nan ya wuce Ɗan Isa. Harshe ɗaya ake yi gaba da baya. Sarautar Maraɗi kanta reshe ce ta tsohuwar sarautar Katsina, wadda ta yi ƙaura zuwa arewa bayan da masu jihadi suka ci birnin a 1807. Layin da ya raba wuraren biyu kuwa Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Makaɗa da 'yan dambe da 'yan kokawa ba su taɓa ɗaukar wannan layi da muhimmanci ba: da kaka ta yi, duk inda aka buɗe fage nan suke dosa.

Amma da zarar jarumi ya rasu, sai iyakar ta yi aikinta, domin yadda ake adana labarinsa a kudu da Jibiya daban yake da yadda ake yi a arewa da ita. Wannan maƙala za ta kwatanta hanyoyin biyu ta yin la'akari da marigayi Shago, ɗan damben da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya waƙe, da marigayi Yakuba Kantu, ɗan kokawar Maraɗi. Manufa ita ce a nuna cewa mu manazarta mun daɗe muna ɗora wa waƙar yabo nauyin tarihi, alhali ba domin haka aka yi ta ba.

Abin da waƙa ta adana

Da wuya a sami Bahaushen da ya girma yana sauraren Rediyon Kaduna bai san sunan Shago ba. To amma ina ya san shi? A bakin Ɗan Anace. Kalangu ne da muryar makaɗi suka kai sunan inda mai sunan bai taɓa takawa ba, har cikin Maraɗi da Tawa da Damagaram.

Jigon waƙar jarunta ne, kuma makaɗin ya gina shi bisa abubuwa uku. Na farko, siffanta jarumin da abubuwan tsoro, musamman mutuwa da abin da ya danganci ta, ta yadda mai shirin karawa da shi zai karaya tun kafin ya ɗaure hannu. Wannan ya dace da harshen fagen kansa, inda ake kiran kayar da abokin karawa kisa. Na biyu, ambaton abokan karawa, wanda fitacce a cikinsu shi ne Ɗandunawa, domin girman jarumi a dambe daga girman wanda ya tsaya gabansa ake auna shi. Na uku, kirari da zuga, waɗanda ba labari suke bayarwa ba, aiki suke yi: su tsima ɗan wasa, su motsa 'yan kallo, su sa mai kyauta ya sa hannu a aljihu.

Saboda haka waƙar ta adana mana abin da takarda ba ta iya riƙewa, watau yadda mutanen zamanin suka ji Shago a zukatansu, da irin kwarjinin da yake shiga fage da shi, da kalmomin sana'ar da ta samo asali a hannun mahauta. Wannan taska ce babba, ba kuwa a raina ta.

Abin da waƙa ta zubar

Sai dai makaɗin maza ba marubucin tarihi ba ne. Waƙarsa ba ta faɗin shekara, ba ta jera wasanni bisa yadda suka auku, ba ta ƙirga turmi nawa aka yi kafin a yi kisa. Mafi muhimmanci, ba ta son ranar da ubangidanta ya sha ƙasa. In ta ambace ta ma, sai ta lulluɓe ta da uzuri ko ta mai da ita habaici ga wani. Haka kuma ba ta bin jarumi gida. Ƙuruciyarsa, da wanda ya koya masa, da sana'ar da yake ci da ita in damina ta sauka, da halin da ya tsufa a ciki bayan ƙarfi ya ƙare, duk suna bayan fage, makaɗi kuwa a fage yake tsayawa.

Akwai kuma matsalar da ta shafi waƙar baka gaba ɗaya: ba ta da matani guda. Abin da aka rera a wannan gari ba lalle ne ya zo daidai da na wancan ba, ana ƙara ɗiya ana rage wasu gwargwadon waɗanda ke zaune. Abin da muke kira waƙar Shago a yau, rerawar da aka yi sa'ar ɗauka ce a faifai ko kaset. Na taɓa duba kundin wani ɗalibi da ya tsara babin tarihin wani ɗan dambe kacokan daga jerin sunayen da ke cikin waƙa, ya ɗauka cewa wanda aka fara ambata shi aka fara karawa da shi. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai; mu ne ba mu nuna masa cewa tsarin ɗiyan waƙa na bin kiɗa da numfashi da tunanin makaɗi ba ne, ba kalanda ba.

Abin lura a nan shi ne makaɗan sun fi jarumansu sa'a a hannunmu. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, bayan rasuwarsa a 1999 kuma aka fitar da babban littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa masu yawa. Edward Powe ya yi nazarin adabin wasannin jarunta na Hausa a Jami'ar Wiskonsin a 1984. Amma ɗan wasan da aka yi wa waƙar, galibi ya tsaya ne a matsayin misali cikin babin salo. Idan aka kwatanta da 'yan damben zamani irin su Hogan Bassey, wanda ya zama zakaran duniya a 1957, da Dick Tiger a 1962, waɗanda jaridu suka rubuta wasanninsu da rana da wuri, sai giɓin ya fito fili.

Tsallaken iyaka

A Jamhuriyar Nijar al'amarin ya ɗauki wata hanya. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, hukuma ta mai da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan garuruwa, kowace jiha tana kawo 'yan kokawa goma, gidan rediyon ƙasa yana watsa ta kai tsaye. Aka sami jerin zakaru da shekarunsu, aka kuma sa wa filayen kokawa sunayen jarumai: na Maraɗi sunan Kantu, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani.

Ke nan Kantu ya sami abin da Shago bai samu ba: shekara, da gari, da gini mai ɗauke da sunansa. Amma kada a yi saurin cewa hanyar Nijar ta wadatar. Jerin hukuma daga 1975 ya fara, kamar dai kafin nan ba a yi kaye a ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir ba. Wanda ya ɗauki takobi kaɗai yake riƙewa, ya bar gwanin da ya yi shekaru yana kaye a ƙauyuka bai taɓa zuwa wasan ƙarshe ba. Kuma ba ya gaya mana take ko kirarin da ake yi wa Kantu, ko abin da jama'a ke ji idan ya shigo fili. Wannan sai an koma wurin makaɗa da tsofaffin da suka gani da idonsu. Hanya ɗaya ta riƙe rai ta saki lokaci, ɗayar ta riƙe lokaci ta saki rai.

Kammalawa

Abin da ya kamata shi ne a haɗa hanyoyin biyu, kuma a yi da hanzari. Waƙa a ɗauke ta a matsayin shaida a kan yadda al'umma ta kalli jarumi, sa'an nan a gwada ta da hirar iyali da abokan karawa da sarakunan dambe da na kokawa, da abin da ke ajiye a gidajen rediyo. Duk rerawar da aka samu a rubuta inda aka ɗauke ta da lokacin, kada a narkar da su a fitar da matani guda.

Aikin ba zai yiwu daga ɓangare ɗaya ba. An rufe iyakar Jibiya daga 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ga rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan yankin ya tarwatsa tsofaffi da dama daga gidajensu. Tsakanin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi tafiyar sa'o'i kaɗan ce, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da cibiyar CELHTO ta Yamai duk sun saba da tattara adabin baka. Ɗalibi guda daga kowane ɓangare, da na'urar ɗaukar magana, da jerin tambayoyi iri ɗaya, sun isa a fara. Waɗanda suka ga Shago da Kantu a fage sun manyanta, kasusuwan da aka ɗauki makaɗansu a kai kuma suna lalacewa a cikin akwatuna.