3.2 Jigon Makirci a Wasan Julius Caesar

Babban jigon wannan wasa da Shakespeare ya rubuta wajajen 1599 shi ne makircin 'yan majalisar dattawan Rum, wanda ya kai ga kashe Siza ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Tarihi ya nuna maƙarƙatan sun haura sittin, amma marubucin ya taƙaita su zuwa takwas, domin hankalin mai kallo ya tattaru a kan Kasiyus da Burutus.

Idan aka lura, Kasiyus bai jawo Burutus da kwaɗayin mulki ba. Wasiƙun ƙarya ya sa aka jefa masa ta taga da sunan jama'ar gari, don ya san kishin ƙasa ne lagonsa. Wannan halin kirki kuwa shi ya rusa makircin. Burutus ya hana a kashe Antoni, sannan ya ba shi damar yin jawabi a wajen jana'iza, inda ya tunzura talakawa a kansu.

A taƙaice, wasan ya nuna cewa maƙarƙatan sun shirya kisa, amma ba su shirya wa abin da zai biyo baya ba. Shi ya sa suka hallaka a yaƙin Filibi.