Kundin waƙa bai iso kasuwarmu ba

Ran kasuwa a Gazawa na tsaya rumfar wani yaro mai cajin salula da tura waƙoƙi. Na ce ya zuba mini Tantabara, kundin da ƙungiyar Tal National ta fitar a 2018. Ya daɗe yana lalube a kwamfutarsa, can ya ɗago kai ya ce, "Baba, wace waƙa ce a ciki? Mu nan ɗai-ɗai muke turawa." Na Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker kuwa ga su nan rututu, ko tambaya ba sai ka yi ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ban ga laifin yaron ba, abin da ya iso hannunsa shi yake sayarwa. Mawaƙan Kano ma sun yi ƙoƙari, harshenmu ɗaya, kuma sun san hanyar kunnenmu. Damuwata ita ce ƙungiyoyinmu na Nijar. Sai su yi wata da watanni a situdiyo suna gyaran jita da kalangu, kundi ya fito tsaf, a ƙaddamar da shi a Yamai ko a Turai, shi ke nan. Kamfanin FatCat na Ingila ne ya fitar wa Tal National da kundin Kaani a 2013, suka zaga Amurka da shi, alhali akwai waƙoƙin Hausa a cikin ayyukansu da manomin Agye zai ji har cikin ɓargo. Marigayi Sa'adu Bori ɗan Maradi ne, amma kundin Niamey Twice da suka yi da Musa Pusi, nemo shi cikakke yau a Tibiri ko Gidan Rumji aiki ne ja.

Kundi kamar tuwo da miya ne. Mawaƙi ya san dalilin da ya sa wannan waƙa a gaba, waccan a ƙarshe. In aka yayyanka shi, TikTok ya ɗauki daƙiƙa talatin na amshi ya watsar da saura, an ci miya an bar tuwo. Yaranmu sun haddace amshi, ba su san sunan mai kiɗan ba.

Masu cewa salula ce ta kashe kundi, ban yarda da su ba. A Sakkwato mawaƙi Mdou Moctar ya naɗi kundinsa Anar a 2008, kuma daga wannan waya zuwa waccan waƙoƙinsa suka ratsa Sahara kafin duniya ta san shi. Hanyar tana nan, bin ta ne ba a yi.

Don Allah mawaƙanmu, in kun gama kundi ku biyo titin Maradi zuwa Tasawa. Ku tsaya Cadawa da Agye ran kasuwa, ku ba gidajen rediyon karkara kundin cikakke, ku zauna da masu tura waƙa ku yanke farashin da kowa zai ci. Ku zo bayan an ɗaure damman gero, lokacin da kuɗi ke hannu kuma bukukuwa suka kankama. Muna nan muna jiran ku.