Fangali Biyu Kafin Kadada Goma

A fadamar Haɗejiya ruwa ba ya yi wa kowa alkawari. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, zuwan ruwa ya rataya a kan damina da kuma masu buɗe ƙofar dam. Ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa a wajen Guri da Kirikasamma, har gonar da ta bushe bara ta wayi gari tafki bana. Mutanen da suka tashi a nan sun ƙware a wani abu da ke burge ni ƙwarai: ɗanɗana sana'a kafin a zuba mata dukiya.

A ce an kawo wa manomin rani a Auyo sabon irin shinkafa, ana ta koɗa shi. Ba zai yi musu ba, ba kuma zai sayar da sansa na huɗa ya sayi iri ba. Fangali biyu zai ware, dab da tsohon irin da ya sani, ya dasa su rana ɗaya, taki ɗaya, ban-ruwa ɗaya. Gwanin ma ba ya zaɓar wurin da ya fi kyau a gonar, don ƙasa mai ƙarfi takan rufa wa mugun iri asiri. Injin ban-ruwa kuwa hayarsa zai yi. In gonar ce babu, ya karɓi haya ta shekara guda.

Ranar girbi ba buhu kaɗai yake ƙirgawa ba. Yakan cire kuɗin fetur, da taki, da 'yan ƙwadago, da yaran da suka wuni suna korar tsuntsayen jan-baki. Daga nan ya ɗebi 'yan tiyoyi ya kai injin casa ya ga ko tana karyewa, ya ba matan da ke turara shinkafa da mai tuwo a bakin tasha su faɗi ko tana auki. Shinkafar da ta cika rumbu amma mai saye ya yatsina mata fuska, wahala ce kawai aka noma.

'Yan kasuwar kifi su ma haka. Mai son fara kai banda Kudu ba ya cika mota a tafiyar farko. Kwali ɗaya zai ba direban da ya yarda da shi, zuwa Anacha ko Legas, ya jira ya ji nawa ya farfashe a hanya, nawa dillali ya ci, yaushe kuɗi suka dawo. Yabon 'yan'uwa da abokai ba ya shiga lissafinsa, domin kowa na iya cewa "wallahi wannan zai karɓu" alhali aljihunsa a rufe. Abin da yake jira shi ne baƙon da zai sake neman kaya, ya kuma ajiye kafin alƙalami. Wa zai ce busasshen kwaɗo zai yi kasuwa a garin da ba a cin sa? Ga shi ana lodinsa daga Haɗejiya zuwa Kudu, don akwai masu biya.

Alkama ta koya wa yankin wani darasin. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, farashi ya tashi, aka yi rububin sayen inji da share fadama. Bayan 'yan shekaru aka janye hanin, ta waje ta dawo. Ribar ta dogara ne da doka, doka kuma ba a gwada ta a fangali. Ga alkama da son sanyin hunturu: in ruwa ya makara janyewa aka wuce tsakiyar Disamba ba a shuka ba, zafi ya riske ta tana fitar da kai.

Shi ya sa gwani ba ya gamsuwa da shekara ɗaya. Shekarar da komai ya tafi daidai ba ta nuna masa abin da ambaliya irin ta 2020 ko 2022 za ta yi. Ba ta kuma nuna masa farashin da zai tarar in maƙwabta goma sun ga ribarsa sun bi sahu, kamar yadda masu tumatir ke gani duk rani. Sai ya maimaita a shekara ta biyu, ya ƙara fangali kaɗan, injin kuma har yanzu na haya ne.